Da Gaske Yunwa Ce Ke Yin Zaɓe? Darasi Daga Shagari a 1983 da Roosevelt a 1932

Akwai wata magana da za ka ji a kusan kowace majalisar hira idan zaɓe ya ƙarato, ko a tashar Jega ne, ko a rumfunan 'yan albasa na Aliero, ko a gindin bishiya a Maiyama: "Bana yunwa ce za ta yi zaɓe." Abin da ake nufi shi ne, tunda rayuwa ta yi tsada, duk wanda ke kan mulki ya haɗa kayansa, domin talakawa za su yi masa taron dangi a akwati.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma masu nazarin zaɓe sun shafe fiye da shekara 50 suna auna ta da alƙaluma. To amma ga wani abu da ya faru a gidanmu. A watan Agustan 1983, lokacin da Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, tattalin arzikin Najeriya yana kwance magashiyyan. Duk da haka shugaban da ke kan mulki, Alhaji Shehu Shagari, ya sake cin zaɓe da ƙuri'u fiye da ninki biyu na waɗanda ya samu a 1979. To ina yunwar ta shiga?

Wannan tambayar za mu bi a yau, mai karatu. Za mu leƙa Amurka mu dawo gida, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne: wahala ba ta zuwa rumfar zaɓe da ƙafarta. Kafin ta zama sakamako sai ta ratsa ta cikin tunanin mai ƙuri'a, sannan ta ratsa ƙa'idar ƙirge, sannan ta ratsa hannun masu ƙirgen. A kowace ƙofa tana iya kumbura, tana iya kuma ɓacewa.

Amurka, 1932: inda maganar ta tabbata

Mu fara da misalin da ya fi shahara a duniya. A 1928 Herbert Hoover na jam'iyyar Republican ya ci zaɓen shugaban Amurka da kusan kashi 58 cikin 100 na ƙuri'u, ya ɗauke jihohi 40 cikin 48. Kasuwa tana ci, masana'antu suna aiki, mutane suna ganin sun yi hannun riga da talauci. Shekara guda ba ta cika ba, a watan Oktoban 1929, kasuwar hannun jari ta New York ta rushe.

Abin da ya biyo baya ya wuce abin da masana ke kira koma bayan tattalin arziki, wato ƙasa ta yi wata shida ko fiye abin da take samarwa yana raguwa. Wannan karaya ce ta shekaru. Daga 1929 zuwa 1933 abin da Amurka ke samarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Bankuna kusan 9,000 suka durƙushe da kuɗin ajiyar mutane. Rashin aikin yi ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan kashi 25, wato cikin ma'aikata huɗu ɗaya yana zaune. Farashin amfanin gona ya faɗi da fiye da rabi, har a jihar Iowa wasu manoma suka riƙa hura wuta da masara saboda ta fi kwal araha. Ka kwatanta manomin Aliero da ya sha wahalar ban ruwa wata da watanni, ya kai albasa kasuwa, a taya buhun a kuɗin da bai biya motar da ta ɗauko shi ba. Irin wannan ne, amma shekara uku a jere, kuma a faɗin ƙasa.

Ranar 8 ga Nuwamban 1932 aka je zaɓe. Franklin Roosevelt na jam'iyyar Democrat ya samu ƙuri'u miliyan 22.8, Hoover miliyan 15.8. Roosevelt ya ci jihohi 42, Hoover ya tsira da 6. Mutumin da aka ɗaga sama shekara huɗu baya, shi aka tiƙa da ƙasa.

Masana suna kiran wannan ɗabi'a zaɓen waiwaye. Mai ƙuri'a ba sai ya karanta kundin manufofin jam'iyya ba. Yana waiwayen shekarun da suka wuce ne ya tambayi kansa: na ci gaba ko na koma baya? Idan amsar ta yi daɗi ya saka wa mai mulki da alheri, idan ba ta yi ba ya hukunta shi. V. O. Key ya shimfiɗa wannan tunani a littafinsa na 1966, sannan Gerald Kramer a 1971 da Ray Fair a 1978 suka gwada shi da lissafi, suka ga lallai ƙuri'un jam'iyya mai mulki a Amurka suna hawa da sauka tare da samun jama'a.

1936: ba zurfin rijiya ake dubawa ba

Shekara huɗu bayan haka aka sake komawa zaɓe, kuma har lokacin Amurka ba ta warke ba. Rashin aikin yi yana kusan kashi 17 cikin 100, wato ya ninka na 1929 fiye da sau biyar. Da a ce wahala kawai ake aunawa, da Roosevelt ya bi sahun Hoover. Sai ga shi ya samu kusan kashi 61 cikin 100, abokin karawarsa Alf Landon ya tashi da jihohi 2 kacal, Maine da Vermont.

Me ya faru? Abu biyu. Na farko, mutane sun fi lura da alƙibla fiye da matsayi. Wanda ya faɗa rijiya ya ga ana jawo shi da igiya, ko da bai kai baki ba, ba zai yi faɗa da mai riƙe da igiyar ba. A 1936 tattalin arzikin Amurka yana haɓaka da sauri, bankuna sun daina rushewa, gwamnati ta ɗauki miliyoyin mutane aikin gina hanyoyi da makarantu da madatsun ruwa. Christopher Achen da Larry Bartels, a littafinsu na 2016, sun nuna cewa masu zaɓe sun fi ba watannin ƙarshe kafin zaɓe nauyi, suna mance abin da ya faru a farkon wa'adi. 'Yan siyasa sun san da wannan, shi ya sa taki da kwalta suka fi yawa a shekarar zaɓe.

Na biyu, akwai tambayar wa ke da laifi. Karayar ta faro ne a hannun Hoover, don haka har 1936 shi da jam'iyyarsa ake ɗora wa. Bingham Powell da Guy Whitten sun nuna a 1993, bayan kwatanta ƙasashe da dama, cewa hukuncin masu zaɓe ya fi zafi a inda ya fito fili wa ke riƙe da ragama. Inda alhakin ya watsu, hukuncin ma yakan watsu.

Yadda ƙa'idar ƙirge ke kumbura nasara

Kafin mu dawo gida akwai wani ɗan lissafi da ya kamata mu yi. Za ka ga ana cewa Roosevelt ya ci 472, Hoover 59. Waɗannan ba ƙuri'un jama'a ba ne, kujerun wakilan zaɓe ne. A Amurka kowace jiha tana da adadin wakilai, kuma a kusan dukkan jihohin wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ce tazarar, shi ke kwashe wakilan jihar baki ɗaya. Shi ya sa kashi 57 na ƙuri'un jama'a a 1932 ya koma kashi 89 na wakilai, kashi 61 na 1936 kuma ya koma 523 cikin 531.

Bari mu kawo shi kusa. A ce akwai ƙaramar hukuma mai mazaɓu 10, kowace mazaɓa masu ƙuri'a 1,000. A kowace mazaɓa jam'iyyar Malam A ta samu 550, ta Malam B ta samu 450. Idan kansiloli aka ƙirga, sakamakon 10 da 0 ne, kowa zai ce an yi wa Malam B kaca-kaca. Idan mutane aka ƙirga, 5,500 ne da 4,500. Mutum 51 kawai za su sauya ra'ayi a kowace mazaɓa, 10 da 0 ɗin ya juye ya koma 0 da 10. Ka ga kenan taswirar da aka shafe da launi ɗaya tana iya ɓoye jama'ar da suka rabu kusan biyu.

A Najeriya ƙa'idar daban ce. Tun kundin tsarin mulkin 1979, wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. A nan kowace ƙuri'a tana shiga jimilla. Saboda haka tara ƙuri'u masu yawa a jiha guda yana da amfani ga ɗan takara, kuma wannan zai yi mana amfani a gaba.

Najeriya, 1983: inda maganar ta ƙi tabbata

Shagari ya hau mulki ranar 1 ga Oktoban 1979, man fetur yana tashe. A 1980 Najeriya tana haƙo sama da ganga miliyan 2 a rana, kuma kusan duk kuɗin wajen da ƙasar ke samu daga nan yake fitowa. Daga 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya. Abin da ake haƙowa ya sauko ƙasa da ganga miliyan 1 da rabi a rana, a watan Maris na 1983 ƙungiyar OPEC ta rage farashin ganga daga dala 34 zuwa 29, kuɗin da ƙasar ke samu daga mai ya ragu da fiye da rabi cikin shekara uku.

Ƙasar kuwa ta saba da shigo da komai, har shinkafa. A watan Afrilun 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya. Masana'antu suka rasa kayan aiki suka fara sallamar ma'aikata. Sabulu, madara, sukari da man girki suka yi wuya. A jihohi da dama malaman makaranta suka yi watanni ba albashi. A watan Janairun 1983 gwamnati ta kori baƙin da ba su da takardu, kusan miliyan 2, kimanin rabinsu 'yan Ghana. A Arewa kuma ga annobar shanu da ta yi wa makiyaya ɓarna a wannan shekarar, damina ma ta zo da ƙarancin ruwa.

A cikin wannan hali aka yi zaɓe ranar 6 ga Agustan 1983. Sakamakon da hukumar zaɓe ta FEDECO ta sanar: Shagari na NPN miliyan 12.08, Obafemi Awolowo na UPN miliyan 7.9, Nnamdi Azikiwe na NPP miliyan 3.56. A 1979 Shagari ya samu miliyan 5.69 ne, kusan kashi 34 cikin 100, har sai da Kotun Ƙoli ta warware taƙaddamar nan ta kashi biyu bisa uku na jihohi 19. A 1983 ya haura kashi 47. A jiharsa ta Sakkwato ya tashi daga kusan kashi biyu bisa uku zuwa sama da kashi 90. Mako guda bayan haka aka sanar NPN ta ci kujerun gwamna 13, alhali 7 take da su a 1979. 'Yan jam'iyyar suka laƙaba wa nasarar wata kalmar Turanci mai ma'anar zaftarewar ƙasa.

Abu na farko da za ka lura: kashi 47 bai kai rabi ba. Ko a alƙaluman hukuma, waɗanda suka ƙi Shagari sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa. Abin da ya sa nasarar ta yi kama da ambaliya shi ne 'yan adawa sun rabu. Sun yi ƙoƙarin haɗa ƙawance mai suna PPA, amma suka kasa daidaitawa tsakanin Awolowo da Azikiwe, kowa ya tsaya. PRP ta dare gida biyu, ga kuma rasuwar Malam Aminu Kano a watan Afrilun 1983, wata huɗu kafin zaɓe. GNPP ta Waziri Ibrahim ma ta yi rauni. A Amurka ta 1932 wanda ya fusata da Hoover ƙofa ɗaya ce a gabansa. A Najeriya ta 1983 ƙofofi biyar ne, kuma kowace tana da tambarin wani yanki.

Na biyu, tambayar laifi. Gwamnati tana cewa kasuwar mai ta duniya ce ta faɗi, ba ita ta kawo ba, kuma akwai gaskiya a ciki, ko da yake 'yan adawa suna nuna almubazzaranci da badaƙalar shigo da shinkafa. Sannan akwai jihohi 12 da 'yan adawa ke mulki, su ma da yawansu sun kasa biyan albashi. To malamin da bai ga albashi ba wa zai hukunta, gwamna ko shugaban ƙasa?

Na uku, ga manomin ƙasar Gwandu a wancan lokacin, ƙuri'a ba awon farashi kaɗai ba ce. Shagari ɗan gida ne, tsohon malamin makaranta da ya koyar a Argungu, kuma jam'iyyarsa ce ke riƙe da jihar, daga Shehu Kangiwa zuwa Garba Nadama. Taki, rijiya, hanya da aikin ɗa a ƙaramar hukuma duk ta hannun masu mulki suke biyowa. A lokacin wahala, wanda ke riƙe da rumbu ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, domin mutane sun fi bukatarsa. Wannan ita ce fuskar yunwa da masu cewa za ta yi zaɓe suke mantawa da ita: takan tunzura mutum, takan kuma ɗaure shi.

Amma alƙaluman kansu fa?

Duk bayanan da muka yi sun ɗauka cewa lambobin da aka sanar gaskiya ne. A nan ne ɗan lissafi ke da amfani, kuma ba ka bukatar digiri kafin ka yi shi.

A 1979 rajistar masu zaɓe tana da sunaye kusan miliyan 48.6. A 1983 ta koma miliyan 65.3. Ƙarin kashi 34 cikin 100 kenan a shekara huɗu. Al'ummar da ke ƙaruwa da kusan kashi 3 a shekara, a shekara huɗu kashi 12 zuwa 13 za ta ƙaru. Sauran daga ina suka fito?

Ga wani awon kuma. Ƙidayar 1991, shekara takwas bayan wannan zaɓe, ta samu 'yan Najeriya kusan miliyan 89, manya da yara. A ƙasa irin tamu kusan rabin jama'a ba su kai shekara 18 ba. Kenan ko a 1991 baligan da suka isa zaɓe ba su wuce miliyan 45 da wani abu ba. Ko ka ce ƙidayar ta tsallake miliyoyin mutane, da wuya ka cike giɓin da zai ba ka masu zaɓe miliyan 65 tun a 1983.

Daga baya gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike kan ayyukan FEDECO a ƙarƙashin Mai Shari'a Bolarinwa Babalakin. Cikin abin da ya gano akwai wata mazaɓa a yankin Oranmiyan na tsohuwar jihar Oyo, inda rajista ta tashi daga dubu 48 da 'yan kai a 1979 zuwa sama da dubu 214 a 1983. A jihar Ondo, da aka sanar Akin Omoboriowo na NPN ya kayar da gwamna Michael Ajasin, rikici ya ɓarke, aka yi asarar rayuka da dukiya, daga baya kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Maguɗin ba na jam'iyya ɗaya ba ne, kowace ta yi a inda take da ƙarfi, sai dai mai riƙe da gwamnatin tarayya ya fi kowa dogon hannu.

Wannan ba ya nufin Shagari ba shi da magoya baya na gaske. Yana da su da yawa, kuma da rabuwar 'yan adawa yana iya yin nasara ko da an yi zaɓe mai tsafta. Abin da lissafin ke nunawa shi ne girman tazarar ba abin dogaro ba ne. Kuma illar tana nan: idan aka kumbura sakamako, an fasa ma'aunin zafin da zai gaya wa mai mulki cewa jama'a na zazzaɓi. An rantsar da Shagari karo na biyu ranar 1 ga Oktoba. Ranar 31 ga Disamban 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki, kuma a birane da dama murna aka yi. Fushin da bai samu hanya ta akwati ba, sai ya biyo ta bariki, ƙasar kuma ba ta sake ganin zaɓaɓɓen shugaba a kan kujera ba sai 1999.

Kebbi: 2015, 2019, 2023

Yanzu mu matso zamanin da yawancinmu muka gani da ido. An ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, don haka muna da alƙalumanta ita kaɗai.

Daga tsakiyar 2014 zuwa farkon 2015 farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 50, aka karya darajar naira sau biyu, ga matsalar Boko Haram. Ranar 28 ga Maris na 2015 Buhari ya samu miliyan 15.4, shugaba mai ci Goodluck Jonathan miliyan 12.9. A ƙasa baki ɗaya kashi 54 ne da 45, nasara ce amma ba ambaliya ba. A Kebbi kuwa Buhari 567,883, Jonathan 100,972. Abin da ya bambanta 2015 da 1983 a fili yake. 'Yan adawa sun haɗe a APC tun 2013, ƙofa ta zama ɗaya. Sannan hukumar zaɓe, a ƙarƙashin ɗan garin Jega, Farfesa Attahiru Jega, ta kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. Rajista ta sauko daga miliyan 73.5 a 2011 zuwa miliyan 68.8, ƙuri'un da aka ƙirga suka ragu da kusan miliyan 10. Karo na farko kenan a tarihin ƙasar da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe. Amma kada ka ce mai ne kaɗai ya jawo, domin a 2011 ma, mai yana tsada, Buhari ne ya ci Kebbi, sai dai da tazara ƙarama.

Zaɓen 2019 ya fi ban sha'awa. A 2016 tattalin arzikin Najeriya ya shiga koma baya a hannun Buhari, kaya suka yi tsada. Duk da haka ya samu 581,552 a Kebbi, Atiku Abubakar 154,282. A nan masana suna raba abu biyu: zaɓen aljihu, wato yaya nawa samun yake, da zaɓen ƙasa, wato yaya nake ganin ƙasar take. Tsadar shinkafa masifa ce ga ma'aikaci a Legas, amma ga wanda ke noma ta a fadamun Jega ciniki ne. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwamban 2015, aka kuma matsa wa shinkafar waje lamba. Ga kuma da yawa suna ɗora laifin wahalar a kan gwamnatin da ta gabata, kamar yadda aka yi wa Hoover. Tattalin arziki ɗaya ne a takarda, amma a aljihu kala-kala ne.

A 2023, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, Buhari kuma ba ya kan takarda, Atiku ne ya zo na ɗaya a Kebbi da 285,175, Bola Tinubu na APC 248,088. Cikin shekara huɗu ƙuri'un APC a jihar sun ragu da fiye da rabi, amma lura da kyau: APC ta yi asarar sama da 330,000, PDP ta ƙaru da kusan 130,000 ne kawai. Da yawa gida suka zauna. Wannan ma hanya ce da wahala ke bi, kuma ba a ganinta idan kaso kawai aka duba.

Bakin buhu

Saura abu ɗaya, domin kafin kowane zaɓe za ka ga ana yawo da sakamakon jin ra'ayi a Facebook da WhatsApp, ana cewa wane zai yi ambaliya.

Mu koma 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest, wadda ta saba faɗin wanda zai ci zaɓe daidai, ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2. Ta ce Landon zai ci da kusan kashi 57. George Gallup ya tambayi mutane kimanin dubu 50 kawai, ya ce Roosevelt ne. Ka riga ka san wanda ya yi daidai. Mujallar ta samo yawancin sunayen ne daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallarta, a lokacin da talaka ke neman na abinci. Sannan waɗanda suka fi jin haushin Roosevelt su suka fi ɗaukar wahalar mayar da amsa. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta rufe.

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Aliero ya san wannan darasi. Idan bakin buhu kawai ka duba, manya za ka gani. Ko buhu dubu ka duba bakinsu, ba ka san abin da ke ciki ba. Wanda ya zazzage buhu biyar ya tona har ƙasa ya fi ka sani. Jin ra'ayin da aka yi a Facebook bakin buhu ne: masu babbar waya, masu kuɗin data, yawanci maza matasa na gari. Matar da ke Mungadi ko dattijon da ke Sabiyal ba sa ciki, kuma ranar zaɓe su ne a layi tun da sassafe.

Abin da za ka tafi da shi

Idan an sake cewa yunwa za ta yi zaɓe, ko aka sanar wani ya yi gagarumin rinjaye ana tsakiyar wahala, kada ka yi saurin tafi, kada kuma ka yi saurin cewa ƙarya ce. Tambayi: abubuwa gyaruwa suke yi ko ƙara lalacewa a watannin nan na ƙarshe? Wa jama'a suke ɗora wa laifi, kuma ƙofa nawa ce a gaban wanda ya fusata? Sannan ka ɗauki biro. Mutum nawa ne a rajistar rumfarku, nawa aka tantance, nawa aka ce sun kaɗa? Doka ta ce a liƙa sakamako a rumfa bayan ƙirge, kuma wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto. Idan rumfar da ka san mutum 300 ne suka yi layi ta fito da 900, ka gano abin da ya ɗauki kwamitin Babalakin watanni yana bincike.

Roosevelt ya samu rinjaye na gaske, ya yi amfani da shi ya sauya ƙasarsa. Rinjayen 1983 an ƙara masa gishiri, bai kai wata biyar ba ya tafi da jamhuriyar baki ɗaya. Sakamakon da ya faɗi gaskiya kariya ne ga wanda ya ci kamar yadda yake haƙƙi ga wanda ya faɗi. Allah ya ba mu shugabanni nagari, mu kuma ya ba mu idon karanta lambobi.